Koyon Keke a Kanal ɗin Nomau

Yau idan ka tsaya a bakin titin Kura da hantsi, ƙarar babura da masu ƙafa uku ba za ta bari ka ji maganar wanda ke kusa da kai ba. Keke ya koma na 'yan makaranta da tsofaffin da ba su sami mai saya musu babur ba. Lokacin da na zo ƙasar nan, a shekarun da aka hana shigo da alkama kowa ya rungumi noman rani, ba haka abin yake ba. Keke shi ne ƙafar magidanci. Da shi ake kai kwandon tumatir bakin titi, da shi ake zuwa ɗaurin aure da jana'iza, a kansa ake ɗauko taki. Namijin da ya haura arba'in bai iya keke ba, ba a yi masa dariya, domin ba a san akwai irinsa ba. To akwai, ni ne.

Sunana Haruna. A Sudan aka haife ni, a ƙasar Jazira, inda ake noman auduga da ruwan kanal tun kafin in zo duniya. Mahaifina mutumin Bunkure ne. Yana yaro iyayensa suka ɗauke shi za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya cirar auduga, tsayawar da ba su sake tashi ba ke nan. A cikin gida Hausa muke yi, a waje Larabci. Na yi shekaru ina aiki tare da mai gadin ruwan yankinmu, har na san ruwa kamar yadda mahauci ya san nama. Daga baya ƙafa ta yi ta ja na. Na yi dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, na sayar da turare a Njamena har Faransanci ya zauna mini a baki, na yi kiwon raƙuman wani Balarabe a Darfur. Na hau jaki, na hau raƙumi, na hau kwalekwale da rufin jirgin ƙasa. Keke kam, a wajenmu na akawu ne da ɗan sanda. Ɗan lebura ba ya taɓa shi.

Fari ne ya fito da ni a wannan karon. Na bar matata Amina da 'ya'ya uku a gidan wanta, na ce su ba ni shekara guda, ko in aiko su zo, ko in komo.

A Abeche na yi kwana goma sha tara ina jiran mota. Kullum direban gobe yake cewa, wata rana da Larabci, wata rana da Faransanci, ya danganta da wanda ya tambaya. Njamenar da na sani kuwa ban same ta ba. Rumfar da na yi shekara biyu ina sayar da turare, bangonta duk hudar harsashi, wani mai gyaran rediyo ne a ciki. Na tambayi mutum uku da na sani, aka nuna mini gabas, aka nuna mini kudu, aka nuna mini maƙabarta. Ban kwana biyu ba na haye kogi na nufo Kano.

A tashar Kano wani mutum mai tsabtar hula ya ji Hausata, wadda ta tsufa a baki kuma ta sha Larabci, ya matso.

"Baƙo, daga gabas?"

Na ce daga gabas, amma ubana ɗan Bunkure ne, na faɗi sunansa da na kakana.

"Ikon Allah. Ai katangarmu ɗaya da gidan. Kawo akwatin in kama maka wuri a mota, kai je ka yi la'asar kada ta wuce."

A cikin akwatin turaren da na taho da shi yake, shi ne jarina duka. Da na sallame ban ga hula ba, ban ga akwati ba. Na kwana a tashoshin ƙasa biyar ba a ɗauke mini ko allura ba, sai a garin ubana, da harshen da uwata ta rene ni. Abin da ya rage mini jallabiyar da ke jikina, da wata a jakar hannu, da buta.

Wani direban babbar mota da ya dawo daga kudu da kwandunan tumatir babu komai a ciki, shi ya ga ina ta zagaye wuri ɗaya. Ya ce in hau. Ya karya rake ya ba ni rabi, bai tambaye ni komai ba har ya sauke ni a Kura.

A Bunkure na yi kwana uku ina faɗin sunan kakana. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya yi dogon tunani ya ce an yi wasu da suka tafi gabas yana ƙarami, amma inda gonarsu take yanzu kanal ta bi ta kai. Liman ya ba ni zaure. Na shiga ƙwadago a gonakin Kadawa, yau dashe, gobe ban ruwa.

Idona bai daina auna wurin da Jazira ba. Can ƙasa baƙa ce mai danƙo, kanal miƙaƙƙiya kamar an ja zare, sai ka yi yini kana bin ta ba ta karkata ba. Nan ƙasa ja ce, gonaki ƙanana, kowa da 'yan bututunsa na roba da yake zuƙo ruwa da su daga kanal zuwa fangali. Amma rigimar iri ɗaya ce. Na sama ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya yi ta kallon hanya.

Wata safiya gaɓar kanal ta ɓalle, ruwa ya nufi gonar alkamar da muke aiki. Mutane suka yi ta watsa ƙasa a bakin ɓarakar, ruwa yana kwashewa. Na ce a fara rage ƙofar sama, a kafa kara a jere kamar jinjirin wata, a jingina buhuna, sannan a zuba ƙasa. Da yake babu mai wata dabara, aka bi tawa, ta kuwa tsaya. Ashe Malam Sabo, shugaban masu kula da ƙofofin ruwa na yankin, yana zaune a kan babur ɗinsa yana kallo. Ya kira ni ya tambayi inda na koya, na gaya masa. Ya ce akwai gurbi. Wata uku na gwaji, in na ci, albashi da ɗaki biyu a gidajen ma'aikata. Ɗaki biyu, wato Amina da yara.

"Layin yana da tsawo," in ji shi, "ƙofa tara, daga ofis har ƙarshe wajen Bunkure. Akwai keken hukuma. Ka iya keke ai."

Ba tambaya ba ce, ƙafarsa ma tana kan abin tayar da babur. Na ce, "Na iya."

Keken baƙi ne mai nauyi, an rubuta masa lamba da farin fenti a bayan madigadi. Ranar farko na tura shi na fita daga ofis kamar mai jan akuyar da ba tasa ba. Da na sha kwana na sace iskar tayar baya, don duk wanda ya gan ni ina turawa ya ga dalili. Can gaba na cusa shi a cikin tarin kara, na ɗauki makullin ƙofa a kafaɗa na kama hanya a ƙasa.

A Jazira mai gadin ruwa jaki yake hawa. Jakin ya san kowace ƙofa, shi zai tsaya da kansa, mai shi yana iya gyangyaɗi. A nan an yanka layin daidai gudun keke. Ƙofar da ya kamata a buɗe da sassafe sai rana ta ɗaga nake isa gare ta, ina haki, manoma sun harɗe hannu suna jira. Kafin in dawo ta farko lokacin rufe ta ya wuce. Dugadugaina suka tsattsage. Ko a zaune nake ƙafafuna ba sa daina motsi, abinci ma a tsaye nake ci.

Da yamma sai in kai keken wurin Garba mai faci a bakin titi, don a gan ni. Rana ta huɗu ya tsoma tif ɗin a ruwa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malam Haruna, wannan tif ya fi ni lafiya. Ko aljanun kanal ne ke shan iskar?"

"Ƙila bawul ne."

"Bawul ɗin ai shekaranjiya na canza."

Ya shafa tayar, wadda ko gashin sabunta bai goge ba, ya dube ni, ya hura mini iska. Daga ranar na daina zuwa.

Na nemi inda zan koya, na rasa. Ƙasar noman rani ba ta da maɓoya. Shimfiɗe take kamar faifai, mutum yana tsaye a Kadawa ana gane tafiyarsa daga nesa. A Jidda da na faɗi sau ɗari babu wanda ya san sunan ubana. A nan kuwa kowa ya san Basudanen ruwa. Saboda ina jin Larabci ga furfura a gemu, Malam suke ce mini, har rigimar iyaka ake kawo mini in raba. Na kasa hango wannan Malam a ƙasa ƙafafu a sama, mata masu kai abinci gona suna wucewa.

Haka na kai wata biyu da kwanaki. Malam Sabo ya fara cewa ana kawo ƙarata kan makara.

Kanal ta tara ita ce ta ƙarshe, kuma ta fi sauran zurfi. Gaɓarta biyu da ciyawar da ke kai sun fi tsayin mutum a kan keke. A shekarar gona ɗaya tak take shayarwa, don sauran masu gonakin sun gaji da jiran ruwa sun bar nasu. Gonar ta Nomau ce, wani Bamaguje daga ƙauyen da ke bayan wurin, shi da matarsa Kande, ba su daɗe da dashen tumatir ba. Ranakun ruwansu Litinin da Alhamis. In ruwa ya wuce, cikin kanal sai ya yi kwana uku yana taɓo, kafin ya bushe wani ruwan ya zo. Lahadi da tsakar rana kaɗai ƙasar ke ɗaukar taya.

Wata Lahadi na gangara da keken ciki. Babu mai gani na sai sama. In na faɗi, gaɓa ce ke tare ni. Kafin la'asar na juya feda sau biyu ban faɗi ba, na ji kamar abin yana bakin yatsana, kwana ɗaya kawai nake bukata.

Litinin da safe na tsaya a bakin ƙofa ta tara da makulli a hannu. Na ce wa kaina zuwa ɗaya ne, akwai raɓa, tumatir ba zai mutu ba. Ban buɗe ba. Ranar Alhamis cikin kanal ya yi tauri kamar daɓe, na kai juyi goma. Na sake tsayawa a bakin ƙofar, na sake wucewa. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Mahaifina a ƙarshen kanal ya yi noman raba-daidai, na sha ganinsa zaune a bakin busasshiyar hanyar ruwa yana murza ƙasa a tafin hannu.

Asabar da tsakar rana bakin jallabiyata ya shige cikin sarƙa. Na kife, keken ya hau kaina. Ina ƙoƙarin zare ƙafa sai na ga wasu ƙafafun a gabana, faffaɗa, duk faso. Nomau ne, gajere mai ƙirji, fartanya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, mai ruwa."

Na ci gaba da jan ƙafata.

"Tun daga gonata nake bin cikin kanal ɗin nan ina neman wanda ya datse mini ruwa. Na ce in Alhajin ƙofar sama ne, yau sai an raba mu. Sai na ga sawun taya, ya yi nan ya yi can kamar macijin da aka sara. Nan mutum ya faɗi ta dama, can ya faɗi ta hagu. Goma sha ɗaya na ƙirga kafin in iso ka. Ga ta sha biyu."

"Ka yi haƙuri, Nomau."

"Tashi tukuna. Ba a ba da haƙuri a kwance."

Ya zaro wuƙa ya yanke bakin jallabiyar daga sarƙa. Ya tambayi inda makulli yake. Muka je na buɗe ƙofar, ya ce in bi ruwan tare da shi. Ruwa a busasshiyar kanal tafiyar tsohuwa yake yi, sai kowace tsaga ta sha ta ƙoshi sannan ya matsa. Muka bi shi taku-taku. Da muka isa gonar na ga dashen. Rabi ya kwanta a kan kunya kamar zaren da aka yar. Kande tana tsaye da bututu a hannu.

"Wannan ne?" ta tambayi mijinta.

"Shi ne."

"Da gemunsa?"

Ta juya ta shiga jera bututu. Da zan tafi Nomau ya ce mini tun jiya ya kai ƙara ofis, Malam Sabo zai zo jibi.

Ranar Litinin manoman layin suka taru a bakin ƙofa ta tara. Malam Sabo ya kashe babur, bai ko dube ni da zargi ba.

"Na san halin mutanen ƙofa ta takwas," in ji shi. "Su suka tare ko? Faɗi sunan mutum kawai, ni zan ji da shi."

Alhajin da ke da babbar gona a ƙofa ta takwas ya fara rantsuwa tun ba a ambace shi ba, abin da ya sa kowa ya ƙara kallonsa. Nomau yana zaune a gaɓa yana kankare ƙasa daga bakin fartanya, bai ɗago ba. Na riga na aika wa Amina wasiƙa cewa saura kaɗan. Da na ce ƙofar ce ta cije, da an yarda. Da na yi shiru ma, Alhajin zai ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya tare. Ni ne ban buɗe ba. Ban iya keke ba, a cikin kanal ɗin nake koyo, shi ya sa na bar ta ta bushe."

Wani ya fara dariya, kamar tari, sai wurin ya ɗauka. Har da mai riƙe ciki. Alhajin ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hularsa. Malam Sabo bai yi dariya ba. Ya fara faɗa da Turanci, ya ga rabin mutanen ba sa ji, ya dawo Hausa.

"Ƙaryar keke zan iya haɗiyewa. Ruwa fa? Kai da ka san ruwa? Kawo makullin."

Na miƙa. Sai Nomau ya tashi.

"Ranka ya daɗe, in ka kore shi wa za ka kawo mini?"

"Wanda ya iya keke."

"Waɗanda suka iya keke uku kuka kawo a shekara uku. Kowanne ya murɗa ƙofa ya juya, babu wanda ya taɓa zuwa ya ga ko ruwan ya iso. Wannan kuwa babu taƙin da bai sani ba a kanal ɗin nan, da haƙarƙarinsa ya auna ta. Kuma yanzu yana jin kunyata. Aradu, gara mai jin kunyata a bakin ƙofa da wanda bai san fuskata ba."

Malam Sabo ya daɗe yana juya makullin a hannu. Ya miƙo mini shi, ya ce kwana goma sha biyu suka rage a gwajina. Ranar da suka cika zan hau daga ofis har ƙofa ta tara, yana biye da ni. In na faɗi ko sau ɗaya, in nemi hanyar gabas. Kafin nan kuma duk tumatirin da ya mutu da hannuna za a maye shi.

Nomau ya ce shi zai koya mini, amma da sharaɗi. "Kanal ta ruwa ce. In za ka faɗi, faɗi a sarari."

Wurin da ya zaɓa gangaren gada ne a kan hanyar kasuwar Bunkure, don duk yankin nan kaɗai ƙasa ta ɗan tashi. Ya kwance fedojin da sifana ya sa a aljihu, ya sauke sirdi har ƙafafuna suka taɓa ƙasa. Ya ce jallabiya ba za ta yi ba, ya ara mini 'yar shara da wandonsa, wanda ya tsaya mini a tsakiyar ƙwauri. Rana ta biyu ta faɗo ranar kasuwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya sauke kaya ya huta a kanmu.

"Malam, a Makka ba a hawa ne?"

"Ku bar shi, da Larabci yake tuƙi, daga dama zuwa hagu."

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, ka rufa wa kanka asiri ka sayi jaki."

Garba mai faci ma ya zo wucewa da kekensa. Ya ce, "To, tif ɗina ya fita daga zargi," ya danna ƙararrawa ya wuce.

Na yi zaton zan mutu da kunya. Zuwa azahar na lura ban mutu ba, gwiwata ce kawai ke jini. Nomau yana tsugune a gefen hanya yana kallo kamar mai duba saniyar da zai saya.

"Na gano ciwonka. Tayar gaba kake kallo, kana jira ta gaya maka inda za ta. Ba jaki ba ne. Ba shi da ra'ayi, inda ka kalla nan za shi. Ka ga rimin can? Kada ka ɗauke ido daga kansa. Kuma saki hannun nan, ba gudu zai yi ya bar ka ba."

Rana ta uku na gangaro, na ɗage ƙafafu, na kafe rimin da ido. Ban san lokacin da na wuce inda na saba faɗuwa ba. Iska ta shiga cikin 'yar sharar, ƙasa tana gudu a ƙarƙashina, ni kuwa a zaune. Na tuna ranar da na fara hawa rufin jirgin ƙasa daga Kosti, sai dai can wani ne ke ja. Da keken ya tsaya don kansa na waiwayo, Nomau ya riga ya ciro fedojin daga aljihu.

Safiya ina bin ƙofofi a ƙasa, rana ina gada, yamma ina gonar Nomau da irin da muka roƙo a Kadawa. Kande ba ta yi mini magana sai in ta ga na dasa a karkace. Sau ɗaya ta ce, ba ni take kallo ba, "Na farkon da yanzu ya yi fure." Rana ta shida na taho a kan keke ta gaɓa don in nuna musu, na kalli ruwa, na kuwa bi idona har ciki. Da na fito da ciyawa a gemu, a ranar na fara jin dariyarta.

Da yammar ta ajiye mini tuwo a gindin bishiya. Ta ga na ɗan tsaya, ta ce, "Ci, Malam, babu yanka a ciki. Kuɓewa ce busasshiya da daddawa." Na kai loma ɗaya. Miyar da Amina ke yi mana ce a Jazira, wadda muke ci da kisira, gurasar dawa ta can, bambancin kaɗan ne. Na janye hannu daga kwanon. Wata bakwai ban ji muryar 'ya'yana ba, ban san ko ƙaramin ya fara tafiya ba. Kande ta ga abin da ke faruwa ta tafi duba bututunta, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ranar gwaji na fito daga ofis da makulli ɗaure a kariyar keken, babur ɗin Malam Sabo yana tuf-tuf a bayana. A kowace ƙofa sai in rage gudu tun daga nesa, in ja ƙafa a ƙasa har in tsaya. Manoma sun fito gaɓa kamar ana kallon dambe. Na wuce ta ɗaya, na wuce ta huɗu, gumi yana shiga mini ido ba halin sharewa.

Tsakanin ta bakwai da ta takwas gaɓar ta tsuke, ruwa a dama, gangare a hagu. Sai ga jakuna biyar ɗauke da kwanduna sun taho, mai su yana can baya yana hira. Keke ban gama saninsa ba, amma jaki na san shi. Na ga na gaban ya karkata kunne wajen gangare, na san can zai bi, sauran kuma za su bi shi. Na ɗauki gefen ruwa, na nemi wata giginya a nesa na kafe ta da ido. Kwando ya goge mini gwiwa, wani ya goge, har biyar. Ban faɗi ba.

Murnar wannan ce ta sa na iso ƙofa ta tara da gudun da ban saba ba. Na matse birki a makare. Da na ga ƙarfen ƙofar ya zo daidai kaina sai na saki keken na cafke shi da hannu biyu. Keken ya wuce ta ƙarƙashina, ya yi 'yar tafiya shi kaɗai, ya kwanta a cikin ciyawa.

Malam Sabo ya kashe babur. "Haka ake sauka a Sudan?"

"Ba mu kai wajen sauka da gudu ba tukuna, ranka ya daɗe."

"Na ce in ka faɗi ko sau ɗaya."

Nomau ya matso ya duba ƙafafuna, ya duba ƙasa. "Keken ne ya faɗi, ranka ya daɗe. Shi ga shi nan a rataye."

Malam Sabo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce in sauko in buɗe wa mutane ruwa, yau Asabar amma a ba Nomau, yana bin kanal ɗin bashin kwana biyu. Ranar Litinin ya sa hannu a takardata.

Tumatirin da muka maye ya yi, amma ya nuna a makare, daidai lokacin da kwanduna suka yi layi a bakin titin Kadawa babu mai tayawa. Kande ta yanka mafi yawansa ta shanya kauɗa a kan ƙasa. Na je na taya ta yanka. Nomau bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa ce mini ya yafe ba. Duk Litinin da Alhamis, muddin ina aikin, in na buɗe ƙofa ta tara sai na bi ruwan a kan keke har na ga ya shiga fangalinsa na farko sannan in juya.

Amina da yara sun iso Kura kafin ruwan farko, ƙaramin yana tafiya da ƙafarsa. Ni da tun da ƙafa ta fara ja na ban taɓa cika shekara uku a gari ɗaya ba, a tsakanin ƙofofin nan tara na tsufa. Ban sake ganin Jazira ba.